Biron Ɗantala

Ɗantala na Yakasai da fitilar ƙwai ya fara,
a bayan tsofaffin rasiɗan shagon babansa.
Littafin fari, kwafi ɗari biyar,
a keke ya kai Sabon Gari.
Marka ta cinye rabi.

Yau a Titin Zoo ake jiransa:
"Malam, kashi na arba'in kafin la'asar!
Kashe tsohon nan, ɗan wasan ya ƙara kuɗi."
Ya kashe shi.
Ya yi masa kuka a adaidaita sahu.

Da dare unguwa ta cika teburin mai shayi,
kowa na maimaita maganar tsohon.
Sunan Ɗantala na hawowa da ƙananan baƙaƙe
aka ɗauke wuta.

Ya kurɓi shayinsa,
ya lalubi biro a aljihu.