Kashi na Arba'in da Bakwai

A Haro, ranar Asabar, ruwa na ɗiga daga rufin tsohon sito,
an jera kujeru tsakanin gangunan itace
waɗanda suka girmi duk wanda ya zauna.
Ni ne Anselmo Urrutia. Shekara talatin hancina ke ci da ni,
harshena kuwa haya nake bayarwa
ga masu kuɗin da ba sa zuwa da ƙafarsu.
Yau ma akwai ɗaya manne a kunnena,
daga wata ƙasa mai sanyi,
yana numfashi cikin waya, yana jiran in ce masa taya.

Kashi na arba'in da bakwai: kwalba shida,
jan ruwan inabi na shekarar sittin da huɗu.
Na ɗaga ɗaya gaban kyandir.
Ruwan ya sauka daga wuya zuwa kafaɗa,
shekaru sun sha rabonsu ba tare da sun cire toshiya ba.
Gwiɓa ta kwanta a gindi, baƙa, shiru.

Suka zuba mana ɗan kaɗan daga ta gwaji.
Jan ya gaji, gefensa ya koma launin tsohon bulo.
Na sunsuna: jemammiyar fata, ganyen taba a aljihun kaka,
ƙasar da ruwan fari ya taɓa.
Na kurɓa, na juya shi a baki, na tofar.
Akwai sauran rai, amma irin na dattijo
da ya miƙe don gaishe da baƙo
hannunsa na neman bango.

Sai idona ya faɗa kan takardar.
A karkace take, ta jingina hagu da kaurin farce.
Na duba ta biyu. Haka. Ta uku ma haka.
Mata takwas ke liƙa takardu a wancan gidan a lokacin,
ɗaya ce kawai yana ta rufe wa idon dama,
ɗaya ce shugaban aiki ke yanke wa lada
saboda layinta ba ya miƙewa.
Da yamma takan dawo yatsunta na warin danƙo,
ta gutsura mini burodi da su.

"Yaya ka gani?" in ji muryar waya.
Na ce, "Ya wuce ganiyarsa. Bar shi."
Ban yi ƙarya ba.
Amma ban taɓa faɗin gaskiya da sauri haka ba.

Begoña Larrea ta ɗaga guduma.
Ɗari huɗu. Wani mai jan gyale ya gyaɗa kai.
Ɗari biyar, daga can baya.
Hannuna ya tashi bai yi shawara da ni ba.
Ta dube ni ta saman tabarau,
ta san ba ni da kowa a waya yanzu.
Ɗari bakwai. Ɗari takwas da hamsin.
Mai jan gyale ya ga gwani na taya,
ya zaci zinariya ce a ɓoye, ya bi ni har dubu da ɗari,
sannan ya gaji.
Guduma ta faɗi kan kuɗin gyaran rufina.

Na tsallaka gadar Ebro da akwati a ƙirji
kamar mai ɗauke da jariri cikin ruwa.

Da dare na buɗe ɗaya a kicin.
Toshiya ta marmashe, na tace da ƙyalle.
Minti goma ya yi yana magana,
'ya'yan itace busassu, hayaƙi, wani zaƙi daga nesa,
sannan ya yi tsami, ya rufe baki.
Ban zubar ba. Na jiƙa takardar a ruwan ɗumi
har ta saki gilashi.
A bayanta, cikin busasshen danƙo,
akwai shaidar babban yatsa.
Na ɗora nawa a kai.
Nata ya fi ƙanƙanta.