Layi na Huɗu, Valparaiso

Tara saura kwata, ƙafafun Ximena sun yi tsami,
na'ura ta ƙi karanta lambar gwangwanin kifi.
Mai jan kwat yana huci, yana ƙwanƙwasa kati a kanta,
wai motar ƙarshe za ta hau tudu ba da shi ba.

A gabansa Don Heriberto
ya zazzage aljihu: sulalla, maɓalli, tsohon tikiti.
Yana ƙirga peso kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Saura ɗari biyu.
Ya mayar da lemo ɗaya.

Layi ya ja tsaki.
Ximena ko kai ba ta ɗaga ba,
ta gangara lemon cikin jakarsa da gwiwar hannu,
ta ce, "Na gaba."