Wa Ya Ɗanɗana?

Inna ta kira daga Makka bayan isha'i,
ta ce, "Mudassir, shekara shida kana Jubail,
har yau ban san me kuke dafawa a tukwanen nan ba."

Na ce, Inna, abin da ƙasa ke amayarwa ɗanye ne,
haka muke kiran sa, ɗanyen gas,
hatsin da bai ga turmi ba.
In ya zo da guba a cikinsa, sai mu ce yana da tsami.
In mun wanke shi, mu ce ya yi zaƙi.
Ta ce, "Wa ya ɗanɗana?"

Na tsallake.
Akwai jiƙaƙƙe, na ce, akwai busasshe,
kuma jiƙaƙƙen ba lallai ruwa ya sha ba,
mai ne ya laɓe a jikinsa.
Muna da hasumiya, ta fi ta masallacin unguwarmu tsawo,
mai nauyi ya kwanta a gindi,
marar nauyi ya haye sama.
"Bakace ke nan," in ji ta,
"ni da faifai nake yi, ba a ba ni hular kwano ba."

Ruwan da muke wankin da shi,
in ya ƙoshi da guba, sunansa mai arziki.
In an tatse shi tas, ramamme.
Ta yi dariya har ta sarƙe:
"Ashe can ma sai ka haɗiyi abin da ba ya haɗiyuwa."

Ban faɗa mata sunan abin da muke turawa
cikin bututu ya kwashe dauɗa ba.
Alade suke ce masa.
Kunnen da ke jin ladanin Harami sau biyar
bai cancanci wannan daga bakina ba.
Na ce tsintsiya.

Gubar kuwa mukan mai da ta farar wuta,
tsibi-tsibi a bakin teku, rawaya kamar kurkum.
"To ina farin?" ta ce.
Na ce, mu ma Hausawa mun yi wa suna ha'inci.

Abin da na tsallake, Inna, ga shi:
Zubairu ne ya ɗanɗana,
ɗan Mai Wurno, mai raba mana dabino a aikin dare.
Tsamin yana fara wari kamar dungun ƙwai,
in ya yi yawa sai ya kashe hanci,
mutum ya ɗauka iska ta gyaru.
"Warin ya tafi," shi ne abin da ya ce,
ya sassauta takunkuminsa.
A takarda an rubuta: yoyo.
Harafi huɗu.
Takalmansa sun yi wata guda a bakin ƙofa.

Ban faɗa ba.
Ta taga ina kallon wutar kan dogon bututu,
wadda ke cinye abin da ya fi ƙarfinmu,
tana lasar sama, ba ta ƙoshi.

Na ji ƙyas a wayar, ta kunna murhu.
Na ce, Inna, warin da kike ji a tukunyar gas
da gangan ake zuba shi, don ya yi miki tsegumi.
In kin ji shi, buɗe taga.
Ta ce, "Na sani. Ka ci abinci?"