Sikelin Mtwara

Sunana Kibwana, ni ke riƙe da sikeli
a tashar jiragen ruwa ta Mtwara.
Shekara goma sha ɗaya, gishirin teku ya cinye min takalma ba adadi.
Na san nauyin kashu yadda uwa ta san nauyin goyonta,
kwantena na hawa, ko ido a rufe zan faɗa.

Daren wata Laraba ɗaya ta hau.
Takarda ta ce kashu, tan goma sha takwas.
Allura ta ce a'a, ta zarce da kilo ɗari tara,
ta tsaya tana karkarwa kamar mai shaida gaban alƙali.

Ban buɗe ba. Ba a buɗewa.
Dattijo Liganga ya dafa kafaɗata,
ya ce, “Damina ce, buhuna sun sha raɓa,”
ya zura ambulan cikin aljihuna
a hankali, kamar mai rufe wa gawa ido.

Ciwona lissafi.
A bayan rasit na zauna na buga:
in haure biyu kilo ashirin ne,
giwa arba'in da biyar ke kwance ƙarƙashin kashu,
ba kunne, ba hanci, ba sawu,
garke guda cikin akwatin ƙarfe
ya yi tsit.

Na san bakin igiyar.
Nyenje, ɗan ƙanwata, can gaɓar kogin Ruvuma,
an ba shi bindigar haya da harsashi bakwai ƙidayayyu.
Ya dawo da kuɗin tsohon babur
da idon da barci ya yi wa ƙaura.
Ya ce ɗan giwar kwana uku yana tunkuɗar uwar da goshi,
wai ta tashi,
alhali fuskarta tana cikin buhu a hanyar gari.

Tsakiyarta na san kaɗan:
direban da ya shimfiɗa gawayi a sama,
ɗan sandan shinge da ya ga jinjirin wata bai ga babbar mota ba,
kamfanin da duk ofishinsa hatimi ne a cikin jaka.
Kuɗin kuwa ba sa hawa jirgi.
Wani ya ɗaga waya a Dar es Salaam, wani ya ja durowa a Dubai,
gari na wayewa sun zama siminti,
sun zama otal mai hawa shida yana kallon teku,
fari fat, ko ɗigon ja babu.

Ƙarshenta ban taɓa gani ba.
An ce Haiphong. An ce wani lungu mai kukan zarto,
inda wata, ƙila sunanta Tuyet,
ke goge awarwaro tana tari,
farin gari a gashin girarta,
ita ma ladanta bai wuce tukunyar shinkafa ba.
Mai igiyar dai bai taɓa shafa haure ba,
hannunsa bai san komai ba sai alƙalami da kofin shayi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari.
Ambulan ta rufe min ɗaki da kwano,
ta biya wa Mwanaidi kuɗin makaranta zango biyu.
Wata na zagayowa Liganga ya dawo da murmushi,
wanda ya ci ladan kuturu ai ba ya ɓoye aska.

Jiya yarinyar ta shigo da littafinta,
ta zana giwa, kunnuwa kamar faifai, haure har ƙasa.
Ta ce, “Baba, kai da ka san nauyin komai,
giwa kilo nawa ce?”

Na buɗe baki.
Ashirin ce ta fara zuwa kan harshena.
Na haɗiye ta,
har yanzu ba ta sauka ba.