Wadda Ba Ta Cikin Littafi

A shagon Pruitt, bayan tashar Toledo,
na zube ƙwallayen besbol na babana,
arba'in ba ɗaya,
kowacce da jan ɗinki da sa hannun wani.

Ya haska fitila, yana juya su
kamar mai duba ƙwai.
"Wannan dala ɗari uku. Wannan jabu ce,
hannun bai karkace inda ya saba ba."

Shekara talatin Baba na bakin shinge,
biro a baki, rana na dukan ƙeya,
yana kiran mutanen da ba su san sunansa ba.

Ta ƙarshe ta yi launin shayi,
tawada ta koɗe, saura "Lor" da wata ƙugiya.
"Wane ne wannan? Ba ya littafina."

Ni ce, ina shekara shida.
Ruwa ya hana wasa, kowa ya watse,
Baba ya tsuguna ya miƙo min biro:
"Ranki ya daɗe, a taimaka."

Pruitt ya ce ko sisi ba ta yi.
Sauran sun biya bashin asibiti.
Ita tana aljihun kwat ɗina,
tana bugun cinyata har gida.