Rigar Ulu a Cikin Ganga

Babbar gangar nan ta cika surutu.
Ka taka ta sau ɗaya, ta amsa sau huɗu,
kamar maƙwabciyar da ka ce wa sannu
ta kwance maka labarin shekara.

A ƙarƙashin shagon kifi muke, a Valparaíso,
ɗakin da bangonsa ke gumi ko da sanyi,
kukan jiragen ruwa na shigowa ta tagar da ba ta rufuwa.
Baldomero na bayan gilashi, yatsa a kunne:
"Fresia, gangarki na magana bayan kin yi shiru."

Sai na durƙusa.
Noti takwas ne a fatar baya.
Na bi su da makulli, ba a jere ba,
wannan, sai wanda ke kallonsa daga can,
juyi kaɗan-kaɗan,
yadda ake ba maras lafiya ruwa da cokali.
Na danna tafin hannu a tsakiya,
fata ta yi tamoji a baki,
na ɗaure har tamojin ya ɓace, na tsaya nan.

Na taka. Ta yi gurnani, ta ja jela.

Na cire makaɗin katako, na ɗaura mai kan auduga,
na sassauta sifirin ɗin feda.
Na gasa gwangwanin madara a wuta,
na huda fatar gaba da bakinsa,
ba a cibiya ba, can gefe,
don iska ta sami ƙofar fita.
Warin ƙonanniyar roba ya kori na kifi.

Jelar dai na nan.

Muka cusa matashi, ya shaƙe ta,
ta koma kwalin da ruwa ya daka.
Tawul kuma bai ko ja hankalinta ba.
Baldomero ya dubi agogo. Awa kuɗi ce.

A jakata akwai rigar ulu,
toka-toka, gwiwar hannu da faci biyu.
Shekara talatin ta yi dako a bakin teku
a jikin Eleuterio, mahaifina.
Tun Yuli nake yawo da ita,
ban sa ba, ban wanke ba,
gishiri da baƙin mai ba su sake ta ba.

Na ninke ta biyu, na tura ta ramin,
na kwantar da ita a ƙasan ganga,
hannu ɗaya na jingine da fata,
ba dannawa ba, dafawa,
irin ta wanda ke cewa ya isa haka.

Na taka.

Dum.

Guda ɗaya, mai nauyi, ba saura.
Haka yake buga ƙofa ƙarfe uku na dare,
in ya hawo tudu daga aiki:
dunƙule ɗaya,
don kada ya tashi unguwa,
amma ni in ji.

Baldomero ya ɗaga babban yatsa.
"Me kika sa mata?"
Na ce tsumma ne.

Jan fitila ya kama, muka fara.
Idona na kan sanduna, ban leƙa ba,
amma mai jita ya ce daga inda yake
yana hango rigar ta ramin nan,
duk takun da na yi sai ta ɗaga kaɗan,
ta koma,
kamar ƙirjin mai barci.