Gwangwani Bakwai a Adana

A hawa na biyar, a Adana,
inda rana ke zuwa da wuri kamar mai bin bashi,
ina da gwangwanin man zaitun guda bakwai.
Na huda gindinsu da ƙusa,
na cika su da ƙasar bakin kogin Seyhan.
Shekara talatin ina awon kaya a tashar jirgin ƙasa,
hannuna kan san nauyi tun sikeli bai yi magana ba.
Yanzu tumatir nake reno.

Da asuba nakan ɗaga gwangwani.
In ya taso ba gardama, ƙishi ne.
In ya ja kafaɗata, ya ƙoshi.
Amma watan Yuli ba ruwansa da lissafina.
Abin da na zuba kafin shayi
kan azahar ya bi iska,
ƙarfen ya ɗau zafi ba ya taɓuwa,
saiwa na dahuwa ba murhu,
ganye ya saki kunne kamar jakin da lodi ya fi ƙarfinsa.

Nurten ta hawa na huɗu,
nata kamar dunƙulen hannu,
nawa ƙwan tantabara.
Iri ɗaya muka saya, rana ɗaya, hannun mutum ɗaya.
Ta ɗago kai ta ce, "Cevdet,
ba a ɗura wa yaro abincin mako a ce ya yi ƙiba.
Gidansu ya yi kaɗan, shansu ba ƙa'ida."
Nata a rabin ganga suke,
ƙasar lulluɓe da busasshiyar ciyawa,
kuma barandata ce inuwarta.

Na ce na ji. Ban ji ba.

Sai 'yata Sevgi ta sauka a Mersin.
Na bar wa Tolga, ɗan mai gadi, mabuɗi da buta.
Kwana uku ya manta,
ran na huɗu tsoro ya kama shi,
ya kwarara wa kowanne bokiti guda.
Na dawo na iske sun tsattsage,
fatar da ta ƙeƙashe
ba ta ɗaukar alheri farat ɗaya.
Waɗanda suka tsira, gindinsu baƙi,
kamar an ɗosana musu wutar sigari.

Ban yi wa yaron faɗa ba.
Abin da ya yi cikin kwana huɗu
shi nake yi tun watan Mayu,
nawa dai ba ya ƙara.

Yanzu sau biyu nake ba su,
asuba, da lokacin da inuwar masallaci ta tsallake titi.
Sannu-sannu, gefe-gefe,
har ya ɗiga ta hujin ƙusa.
Nakan nutsa yatsa zuwa gaɓa ta biyu,
ƙasa ba ta yi wa yatsa ƙarya.
Na naɗe gwangwanayen da tsofaffin fararen rigunan aikina,
sun jeru kamar ma'aikata ranar albashi.
Kowane reshe na bar masa fure huɗu,
sauran na tsinke ina kau da kai.
Gwangwani ba gona ba ne,
abin da ka zuba shi ne damanarsa.

Ƙarshen Agusta suka kai ƙwan kaza.
Na ɗora ɗaya a tafi, giram tamanin.
Na Nurten ɗari biyu, ba sai na taɓa ba.
Ta hawo da burodi da gishiri,
ta yanka nawa biyu, ta ci, ta yi shiru,
ruwansa ja, kauri, ya tsaya a wuƙa.
Ta miƙo hannu ta ɗauki wani.
Ba ta ce ya fi nata ba,
ni ma ban tambaya ba.

Rediyo ya ce gobe arba'in da biyu.
Na cika butoci tun dare,
su kwana, su huce, su jira ni.